Tallan Abin Kyauta: Yadda Aka Kai Spark Kasuwa

Duk wanda ya ɗauki kaya ya fita talla, an san abin da yake nema: mai saye ya miƙo kuɗi, shi kuma ya miƙa kaya. Amma a sana'ar masu rubuta manhajar kwamfuta akwai wani irin talla da ya daɗe yana gudana, wanda kayansa ba na sayarwa ba ne. Kowa na iya ɗauka kyauta, ya buɗe ya karanta yadda aka ƙera shi, ya gyara, har ya sake rabawa. Duk da haka ana shirya masa taruka, ana buga littattafai, ana shiga gasa, ana kashe miliyoyin daloli don sunansa ya shiga kunnen jama'a. Tarihin Apache Spark, manhajar da ke raba aikin sarrafa tarin bayanai ga ɗaruruwan kwamfutoci a lokaci guda, yana cikin misalan da suka fi fito da wannan al'ada fili. An fara rubuta ta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2009, kuma kafin ƙarshen 2015 manyan kamfanonin fasaha sun shiga rige-rigen jingina sunansu da nata. Wanda ya bi tarihin a hankali zai ga cewa abin da mai tallan buɗaɗɗiyar manhaja ke farauta shi ne hannaye, wato mutanen da za su koye ta, su yi aiki da ita, su toshe mata ɓaraka. Saboda haka tallan da ya ɗore shi ne wanda ya koyar, ko da yake wata lamba mai ƙyalli ce ta fara tara jama'a a bakin rumfar.

Al'adar ta girmi Spark nesa ba kusa ba. Shi kansa sunan da ake kiran wannan harka da shi a yau, talla ce ta haife shi. Tun 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da aikin GNU yana kira ga 'yantacciyar manhaja, sai dai kalmar Ingilishin da ya zaɓa tana ɗauke da ma'ana biyu, 'yanci da kuma kyauta, kuma 'yan kasuwa ba su ji daɗin ko ɗaya daga cikinsu ba. A farkon 1998, da kamfanin Netscape ya sanar cewa zai buɗe cikin manhajarsa ta shiga intanet, wasu mutane suka haɗu a Palo Alto don neman sunan da manajan kamfani zai iya faɗa a gaban shugabanninsa ba tare da an ɗauke shi ɗan tawaye ba. Christine Peterson ce ta kawo shawarar a kira ta buɗaɗɗiyar manhaja, sannan Eric Raymond da Bruce Perens suka kafa ƙungiya don yayata sabon sunan. Ba su ɓoye cewa neman kasuwa suke yi ba, kuma Stallman bai taɓa amincewa da wannan sauyi ba. A shekara mai biye, 1999, aka kafa Gidauniyar Apache, wadda daga baya za ta zama gidan da Spark ta tare. Kafin a haifi Spark, ke nan, masu wannan sana'a sun riga sun gane cewa abin kyauta ma sai an yi masa shela.

Don a fahimci abin da aka yi shelarsa, sai a koma ga matsalar da ta zo magancewa. A 2004 injiniyoyi biyu na Google, Jeffrey Dean da Sanjay Ghemawat, suka wallafa takarda kan tsarin da suka kira MapReduce, wanda ke yayyanka babban aiki ya raba wa dubban kwamfutoci masu araha, sannan ya tattaro sakamakon. Doug Cutting da Mike Cafarella suka kwaikwayi dabarar a fili, kuma daga nan Hadoop ta fito a 2006, ta girma a hannun kamfanin Yahoo, ɗauke da sunan giwar wasan ɗan Cutting. Hadoop tana da juriya, amma tana da nawa, kuma nawar daga juriyar ta samo asali. Duk matakin aikin da ta gama sai ta rubuta sakamakonsa a faifan ajiya, yawanci a wurare uku, don ko wata kwamfuta ta mutu a tsakiyar aiki ba a yi asara ba. Kamar mace ce mai aikin hatsi da za a ce in ta gama sussuka ta mayar da shi rumbu ta rufe, ta sake ɗebowa ta yi surfe ta mayar, ta sake ɗebowa ta yi niƙa. In aikin na zagaye ɗaya ne, ana iya haƙuri. Amma lissafin koyar da na'ura yana bin bayanai iri ɗaya sau goma, sau hamsin, sau ɗari, kuma a kowane zagaye rabin lokacin ko fiye a hanyar rumbu yake ƙarewa.

Matei Zaharia, ɗalibin digirin digirgir wanda aka haifa a Romaniya ya tashi a Kanada, shi ya rubuta Spark da harshen Scala, da farko ma don gwada wata manhajar ɗakin bincikensu mai suna Mesos. Dabararsa ita ce a bar hatsin a ƙwarya a gaban mai aiki, wato a riƙe bayanan a memorin kwamfutoci, inda ɗaukowa ta fi ta faifai sauri ninkin-ba-ninkin. Sai dai memori mantau ce, wuta na ɗaukewa komai ya tafi. Maganin da ya kawo shi ne asalin gudummawarsa: maimakon a ajiye kwafin bayanan, sai a ajiye salsalarsu, wato jerin matakan da aka bi aka same su, ta yadda in kaso ɗaya ya ɓace za a sake lissafa shi kaɗai daga tushe. An buɗe manhajar ga jama'a a 2010, kuma takardar da ta bayyana wannan dabara ta ci kyautar takarda mafi kyau a wani babban taron masana a 2012. To amma riƙe bayanai a memori ba a kan Spark aka fara ba. Hazelcast ta fito tun 2008, kamfanin GridGain yana kan irin wannan hanya, kuma masu binciken Microsoft sun riga sun gina Dryad wadda ta fi MapReduce sassauci. Ɗakunan binciken jami'o'i kuwa cike suke da manhajojin da suka ci kyauta suka mutu ranar da ɗalibin da ya rubuta su ya karɓi shaidar kammalawa. Kyan dabara kaɗai ba ya bayyana dalilin da ya sa wannan ta rayu.

Abin da ya fara tara jama'a jimla ɗaya ce da masu Spark suka daɗe suna maimaitawa: ta fi MapReduce na Hadoop sauri har ninki ɗari in aikin a memori yake, ninki goma in a faifai. Kusa da jimlar akwai zanen sanduna biyu, ɗaya doguwa mai daƙiƙa 110, ɗaya da kyar ake ganinta mai daƙiƙa 0.9, sakamakon wani lissafi mai yawan zagaye. Ƙarfin wannan shela ba a girman lambar kaɗai yake ba. Ta zaɓi abokin karawa wanda kowa ya sani kuma kowa ya gaji da shi. Duk injiniyan da ya taɓa tura aiki a Hadoop ya tafi cin abinci ya dawo bai gama ba, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Kuma akwai wata hikima da ba a cika ambata ba: Spark ba ta zo da rumbunta ba. Tana karanta bayanai daga ma'ajiyar Hadoop ɗin da kamfanoni suka riga suka kashe kuɗi suka gina. Baƙuwa ce da ba ta ce a rushe gida ba, ɗaki ɗaya kawai ta nema. Wannan ya sa gwada ta ya yi arha, har kamfanonin da ke cin abinci da Hadoop, irin su Cloudera, suka fara haɗa ta cikin kayansu tun 2014, suka zama 'yan tallanta ba tare da an biya su ba.

Lamba tana sa mutum ya leƙo, amma ba ta sa shi ya zauna, kuma a nan ne aikin da ba shi da ƙyalli ya shigo. Ɗakin binciken da ya raini Spark, AMPLab, an kafa shi a 2011 da tallafin hukumomin bincike na gwamnatin Amurka da kamfanoni irin su Google da Amazon da SAP, kuma al'adarsa ce ya riƙa tara ɗalibai da injiniyoyin kamfanoni sau biyu a shekara su keɓe su duba aikin juna. Ɗalibin da ya nuna abin da ya gina a irin wannan zama yana jin ƙorafin mai amfani da shi daga bakinsa. A watan Agusta na 2012 suka shirya sansanin horaswa na farko, AMP Camp, inda mahalarta suka zauna gaban kwamfuta suka tura aiki na gaske zuwa rukunin na'urorin haya na Amazon, sannan aka saki bidiyon darussan da atisayen kyauta ga wanda bai samu zuwa ba. Ita kanta manhajar an gina ta ne don a iya nuna ta. Tana da taga inda mutum zai rubuta layi ɗaya ya ga amsa nan take, kuma aikin ƙidayar kalmomi, wanda a Hadoop yake cin layuka masu yawa na harshen Java, a Spark 'yan layuka ne da za su shiga allo ɗaya. A 2013 aka buɗe ƙofa ga masu harshen Python, a 2014 ga masu SQL, wato aka je wa mutane da yaren da suka riga suka iya. A 2015 littafin koyon Spark ya fito daga maɗaba'ar O'Reilly, Zaharia na cikin marubutansa huɗu, kuma malaman Berkeley suka buɗe darussa kyauta a dandalin edX. Gani ya kori ji. Duk wanda ya fita daga waɗannan azuzuwa ya koma wurin aikinsa da sabuwar sana'a a hannu, kuma yana da dalilinsa na kansa na son a yi amfani da ita.

Akwai tambayar da manajan banki ko na kamfanin sadarwa zai yi wadda sauri da sauƙi ba za su amsa ba: in ɗaliban nan suka watse, wa zai riƙe ta? Amsar ita ce miƙa Spark ga Gidauniyar Apache a 2013, tare da sauya lasisinta zuwa na gidauniyar. A Fabrairun 2014 ta zama cikakken aiki mai cin gashin kansa a can, a watan Mayu kuma aka fitar da bugu na 1.0. A ƙa'idar Apache mutane ke da ƙuri'a ba kamfanoni ba, ana yanke shawara a bainar jama'a, kuma sunan manhajar mallakin gidauniya ne. Wannan ma shela ce, ta amana: tana gaya wa abokin hamayya cewa in ya zuba guminsa a nan, ba za a wayi gari a kulle masa ƙofa ba. A 2013 ɗin ne kuma Zaharia da malaminsa Ion Stoica da Ali Ghodsi da wasu abokan aikinsu suka kafa kamfanin Databricks, suka samu jarin kusan dala miliyan 14 daga Andreessen Horowitz, suka kuma kira taron Spark na farko a San Francisco a Disambar 2013.

Sai kuma shelar farko ta juyo ta zama tarko. Da aka yi ta nanata maganar memori, abokan hamayya suka samu abin faɗa: ai wannan ta ƙananan bayanai ce, da zarar kaya sun fi ƙarfin memori sai ta durƙusa. Memori tana da tsada, kuma yawancin kamfanoni abin da suka tara ya fi abin da za ta iya ɗauka. Amsar da aka bayar a ƙarshen 2014 ita ce shiga gasar jera bayanai mai ɗauke da sunan Jim Gray, masanin da ya assasa ta wanda ya ɓace a teku a 2007. Tawagar Databricks ta jera terabayit 100 cikin minti 23 da kwamfutoci 206, alhali bajintar da Yahoo ta kafa da Hadoop ta ci minti 72 da kwamfutoci 2,100. Abin lura shi ne a faifai aka yi aikin gaba ɗaya. Manhajar da ta yi suna da memori ta je ta kare mutuncinta a filin da aka ce ba nata ba ne. Gaskiya ne na'urorin da aka yi amfani da su sababbi ne masu faifai mai sauri, don haka awon bai zama na adalci ɗari bisa ɗari ba. Gaskiya ne kuma kambin an raba shi ne da wata tawaga ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, kuma a shekara mai biye Alibaba ta gama aikin cikin ƙasa da minti bakwai da dubban kwamfutoci. Amma gasar tana da alƙalai da dokoki a rubuce, kuma shirin shigarta ya tilasta sake gina ɓangaren da ke jigilar bayanai tsakanin na'urori, gyaran da kowane mai amfani da Spark ya ci moriyarsa. Talla ta koma ta inganta kayan.

Wani zai ce duk wannan ƙarin bayani ne kawai, kaya mai kyau shi ke sayar da kansa, kuma Spark ta yi nasara ne don ta fi. Ba a musun cewa ta fi MapReduce. Amma a dubi Flink, wadda ta taso daga wani aikin bincike a Balin na Jamus, ta zama cikakken aikin Apache a ƙarshen 2014, wadda kuma masana da yawa suka yarda ta fi Spark iya sarrafa bayanan da ke kwarara ba tsayawa. A dubi Ignite, wadda GridGain ya miƙa wa gidauniyar a 2014, wadda ma ta fi Spark cancantar a kira ta ta memori tunda a can take ajiye bayanai. Duka biyun suna raye suna da jama'arsu, amma babu wadda ta kai Spark yaɗuwa. Bambancin da ya fi yawa shi ne sun iso kasuwa an riga an horar da jama'a a wata rumfar. A buɗaɗɗiyar manhaja ba a iya raba inganci da yawan jama'a, domin mutum dubu da ke amfani da abu su ne ke gano kurakuransa, su rubuta masa mahaɗi da sauran manhajoji, su amsa tambayar sabon shiga da tsakar dare. Ko kana da kyau ka ƙara da wanka, in ji Hausawa. A wannan sana'a kuwa wankan da kansa yana ƙara kyan.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma dole a karɓi rabinta. Ninki ɗarin nan sakamakon aiki ne na musamman da aka zaɓa don ya dace da dabarar. Mai aikin yau da kullum da wuya ya ga kusa da haka. A 2015 Frank McSherry da Michael Isard da Derek Murray suka wallafa wata gajeriyar takarda mai ɗaci, inda suka nuna cewa a wasu lissafe-lissafen mahaɗar bayanai kwamfutar cinya guda ɗaya, in an rubuta mata shiri da kyau, tana riga manyan tsare-tsaren da ke raba aiki ga tarin na'urori, har da Spark. Ma'ana, an saba auna waɗannan tsare-tsare da junansu, ba a auna su da hanya mafi sauƙi ba, kuma kamfanoni da yawa sun yi hayar garke alhali doki ɗaya ya ishe su. Wannan laifin shela ne, babu kewaye. Abin da za a ce a ɗaya gefen shi ne, McSherry ya iya yin wannan awo ne don kayan a buɗe suke. Kamfanonin da ke sayar da rufaffiyar manhajar ajiyar bayanai sun daɗe suna sa sharaɗi a lasisinsu da ke hana wallafa sakamakon gwaji sai da izininsu. Mai tallan buɗaɗɗiyar manhaja yana iya zuzutawa, amma a gaban mai mudu yake yi, kuma daga baya su kansu masu Spark sun rage dogaro da maganar memori suka koma kiranta injin guda mai haɗa ayyuka iri-iri.

Suka ta uku ita ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Da IBM ya sanar a watan Yunin 2015 cewa zai sa masu bincike da injiniyoyi 3,500 a ayyukan da suka shafi Spark, ya buɗe mata cibiya a San Francisco, ya kuma horar da mutum miliyan guda, ba sadaka yake yi ba. Haka Databricks, wanda ke shirya babban taron shekara-shekara kuma ma'aikatansa suka rubuta kaso mai tsoka na manhajar. Duk wanda aka koya wa Spark kyauta, wata rana yana iya zama mai biyan kuɗin hayar dandalinsu. Wannan gaskiya ne, sai dai bai rushe hujjar ba, ya ma nuna inda kuɗin koyarwar ya fito. Kuma lasisin Apache bai bar ribar a hannu ɗaya ba: Amazon da Google da Microsoft duk suna sayar da hidimar Spark a na'urorinsu ba tare da lasisin ya tilasta musu biyan waɗanda suka ƙirƙire ta ko sisi ba. Inda sukar ta fi kama ƙasa shi ne abin da ya biyo baya. Kamfanonin da suka gina kasuwancinsu kan Hadoop sun sha wuya: Cloudera da Hortonworks suka haɗe a farkon 2019, aka sayar da kadarorin MapR ga HPE a shekarar. Databricks kuwa ya ci gaba da girma, ya gina injinsa mai sauri, Photon, wanda ke karɓar umarnin Spark amma cikinsa a rufe yake, sai mai biya. Taron da aka fara a 2013 da sunan Spark kaɗai, a 2018 aka ƙara masa ƙirƙirarriyar basira a suna, a ƙarshen 2020 kuma aka cire Spark ɗin daga sunan baki ɗaya.